Rediyon Littafi Mai Tsarki mai sola da na saya wa Mama, bayan wata tara ga abin da na gani

Bari in fara da cewa ni ba fasto ba ne ba kuma mai bishara ba, tela ne ni, shagona na nan Bukuru, kuma ba wanda ya ba ni ko sisi in yi wannan rubutun. Mutane ne suka ishe ni da tambaya tun da suka ga hoton Mama a tsakar gida riƙe da abin nan, wai mene ne, nawa ne, yana da ƙarko ko irin kayan nan ne da sati biyu sun mutu. To ga amsa gaba ɗaya, mai karantawa ya karanta.

Mama tana ƙauyenmu can wajen Kachia. Idonta ya fara yana shekara uku ke nan, yanzu ko Littafi mai manyan baƙaƙe ba ta iya bi. Mace ce da ba ta taɓa shiga ajin boko ba, da girmanta ta koyi karatu a ajin baftisma da na Zumuntar Mata, amma Littafi Mai Tsarki na Hausa ta bi shi daga Farawa har ƙarshe ba sau ɗaya ba, tana bi da yatsa tana motsa baki. Ranar da ta ce mini "ɗana, yanzu sai dai in riƙe shi in ji nauyinsa" gaskiya abin ya tsaya mini a wuya. Na fara gwada sa mata a waya, ai akwai manhajoji masu karantawa da Hausa, amma ga matsalar data ga netwok ɗin ƙauye da sai an hau tudu, ga shi waya mai shafawa ba ta makaho ba ce, kuma da ta ajiye jikoki sun ɗauke sun shiga Facebook har batir ya mutu. Shi ya sa na nemi abin da ba ya yin komai sai karatun kawai.

A wani shagon littattafan Kirista cikin garin Jos na same ta, ba zan kama suna ba. Yarinyar da ke shagon ta kyauta, ta buɗe kwalin a gabana ta kunna ta nuna mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ce in ta ba da matsala cikin wata guda in dawo da ita da rasit. Kuɗinta a lokacin ya kai abin da zai cika mini tankin mashin sau biyu da ɗan ɗori, na yi ciniki ba su rage ko kwabo ba, wai ba kasuwar Taminus ba ce nan.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, ba nauyi, roba ce mai kauri, bayanta sola ne gabanta sifika da maɓallai. Babu gilashi babu rubutu, muryar ce ke gaya maka inda kake, ka danna ta ce "Markus, sura ta huɗu". Akwai na tsallaka littafi, na tsallaka sura, na ƙara murya da ragewa, da wani babba a tsakiya na tsayarwa da ci gaba. Tana da wurin caji irin na waya, da ramin iyafis, da ƴar tocila a ka. Littattafai 66 ɗin duka suna ciki, sura 1189, Tsohon Alkawari mutum ɗaya ne ke karantawa, Sabon Alkawari kuma an yi shi kamar wasan kwaikwayo na rediyo, muryoyi daban daban, da kiɗa a ƙasa, in an zo wurin teku ma har ƙarar ruwa kana ji. Abin da ya fi burge ni shi ne in ka kashe ta ko bayan kwana uku ka kunna daga inda ka tsaya za ta ɗauka.

Na saye ta a watan Nuwamba, ba zan je gida ba sai Kirsimeti, sai na ce bari in gwada ta a shago tukuna kar in kai wa tsohuwa abin da bai yi ba. A nan fa labarin yake.

Duk wanda ya san tela ya san Disamba. Kaya har rufi, ba barci, keke na ta kuka tun asuba. Na rataye ta a ƙusa kusa da kaina, in buɗe shago in kunna, sai na rufe in kashe. Cikin sati ɗaya na cinye Sabon Alkawari kaf, sura 260, na koma na sake. Har na fara jin kaina, ina gaya wa mutane bayan sujada cewa ni fa yanzu Magana nake ci safe da yamma, abin da ban taɓa yi ba tun da aka yi mini baftisma. Amma da za ka tare ni da dare ka ce me ka ji yau, iyakaci in ce maka muryar mai karanta Bulus tana da daɗi. Ta zama kamar ƙarar janareton maƙwabci, kana jinta ba ka jinta.

Ran wata Alhamis ne, wata mata da ta kawo leshi tun farkon wata ta shigo, ta ce "Malam tela ina ɗinkina?" Ni kuma ko almakashi ban sa wa kayan ba, suna nan ƙarƙashin tebur a ledarsu. Bakina ya riga kaina, na ce "wallahi Madam saura hannu da zif kawai, gobe da yamma ki aiko." Daidai lokacin, ba ƙari a maganata, abin nan a kan ƙusa yana cikin Yakubu sura biyar, wurin da ya ce kada ku yi rantsuwa ko da sama ko da ƙasa, i ɗinku ya zama i, a'a ɗinku ya zama a'a. Matar ba ta lura ba ta fita abinta. Yaron shagona da ke guga ya ɗago kai ya ce "Oga, da kai fa ake." Na daka masa tsawa na ce ya yi aikinsa, amma kunya ta riga ta rufe ni, don sau biyu ke nan wannan ayar tana wucewa ta kaina cikin satin kuma ko gezau.

Da dare bayan yaran sun tafi na mayar da ita farkon Yakubu na zauna ba keke ba guga. Sura biyar ce kacal, aya 108, bai fi minti ashirin ba ka gama. Kai jama'a. Tun a sura ta fari ya ce ku zama masu aikata Maganar, ba masu ji kawai kuna ruɗin kanku ba, ya ce mai ji bai aikata ba kamar mutum ne da ya duba fuskarsa a madubi, ya juya ya tafi, nan take ya manta kamanninsa. Ni da nake da dogon madubi a shago na san wannan sarai, kullum ina ganin masu gwada kaya, mutum ya ga wuyan riga ya karkace ai ba ya fita haka, sai ya ce a gyara. Ni kuwa sati biyu ina tsaye gaban madubi ina yaba firam ɗinsa.

Wanda ya fi dukana shi ne 5:4, inda ya ce hakkin ma'aikatan da suka yi muku aiki a gona wanda kuka danne yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Duk ɗan kudancin Kaduna ya san abin da ya faru da citta a daminar 2023, cutar nan da ta bi gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, ganye ya yi rawaya citta ta ruɓe a ƙasa, mutane suka tafka asara har wasu ba su samu ko iri ba. Ni ma na zuba kuɗin shago a gona a shekarar, komai ya tafi. Akwai samari huɗu da suka yi mini huɗa da rufin ciyawa da cira, na ba su rabi na ce sauran sai an haƙa. Da ba a haƙi komai ba sai na yi shiru, su ma da suka ga halin da ake ciki suka yi shiru, ni kuma na ɗauki shirunsu a matsayin yafiya. Alhali aikinsu sun yi, cutar ba su suka kawo ta ba. Fiye da shekara ina baiko ina fitar da zakka ina rera waƙa a gaba, kuɗin yaran mutane na aljihuna.

Wannan shi ne abu na farko da zan gaya wa mai niyyar saya, na'urar tana da daɗin ji fiye da kima kuma daɗin nan tarko ne. Daga baya na ci karo da wurin a Ezekiyel 33, inda Allah ke gaya wa annabin cewa mutanen nan suna zuwa su zauna a gabanka su ji maganarka amma ba sa yi, ka zama musu kamar mawaƙi mai zaƙin murya da ya iya kiɗa. Ashe tun kafin a ƙirƙiro sifika ana wannan ciwon. Hausawa na cewa in kunne ya ji jiki ya tsira, to ai sai in ƙafa ta motsa, wanda aka ce masa ga maciji nan ya ce na ji ya ci gaba da zama, kunnen bai tsirar da shi komai ba.

Na kai wa Mama ranar jajibirin Kirsimeti. Ƙorafinta na farko tun kafin ta gama murna, wai me ya sa yake cewa Yahaya. Ita da Yohanna ta saba, da Ru'ya ta Yohanna, irin na tsohuwar fassarar 1932 ta zamanin su Dokta Miller na Wusasa, wadda da ita aka koya musu karatu, wannan kuwa ta 1979 ce mai Yahaya da Wahayin Yahaya. Ayoyin da ta haddace sai ta riƙa jin kalmomin sun sauya, tana gyara wa mai karatun da ƙarfi kamar yana jinta. Sati biyu ta saba. In naku tsohon mai riƙo da tsohuwar fassara ne ku tambaya a shagon kafin ku biya, ku sa a kunna muku ku ji wacce ce a ciki.

Yadda take amfani da ita shi ya sa na gane ni ne ban iya ba. Mama ba ta barinta tana ta zuba. Da asuba bayan addu'a za ta kunna, ta ji abin da bai fi aya goma ba, ta danna babban maɓallin nan ta kashe ta sa a ƙarƙashin filo. Na ce "Mama ai batir na nan, ki bar shi ya yi ta yi mana." Ta ce "wanda na ji ɗin na gama da shi ne? Kai in an zuba maka tuwo kana sa a ƙara tun ba ka haɗiye na bakinka ba?" Wani lokaci sura ɗaya sai ta kwana uku a kanta.

Ƙanwata ce ta ba ni labarin abin da ya faru a watan Fabrairu. Akwai matar ƙanin Baba, faccalar Mama ke nan, shekara shida ba sa ga maciji a kan iyakar gona, coci ɗaya suke zuwa, layi ɗaya a Zumuntar Mata, anko ɗaya, amma ko gaisuwa babu. Dattawan ikilisiya sun zauna a kai sau biyu abin ya gagara. Ran nan Mama na jin Matiyu sura biyar, aka zo wurin da Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan ka je ku shirya tukuna. Ta tsayar, ta mayar baya ta sake ji, ta kashe. Ta ɗaura zane ta kira jikanta ta ce ja ni gidan kakarku. Ƙanwata ta ce mata "Mama ki bari a aika mana, ai ita ce ƙarama", ta ce zuwa da kai ya fi aike.

Ba zan yi muku ƙarya in ce sun rungume juna ana kuka ba. Matar ta bar ta tsaye a ƙofa, ta amsa gaisuwar da ƙyar, ko kujera ba ta ba ta ba. Mama ta dawo ta koma bayan kwana biyu da ƴar daddawa a leda. Yanzu dai suna gaisawa, ranar da zazzaɓi ya kwantar da Mama matar ta aiko da kunu, maganar iyakar kuwa tana nan ba a warware ba har yau.

Da na ba wani abokina labarin, shi ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki, sai ya ce in yi hankali kar in mayar da bangaskiya ta zama lissafin aiki, ceto ta wurin alheri ne, Afisawa 2:8 da 9, ba don ayyuka ba kada wani ya yi fariya. Har ya ce Matin Luta kansa, jagoran gyaran ikilisiya na Jamus, a gabatarwar da ya rubuta wa Sabon Alkawari na Jamusanci a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar tattaka. Na yarda da shi a kan alheri ɗari bisa ɗari, ban biya bashin citta don in sayi sama ba. Amma na ce masa ya ƙarasa zuwa aya ta 10 mana, ai nan take Bulus ɗin ya ce an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Yakubu kuma ba cewa ya yi a bar bangaskiya ba, cewa ya yi nuna mini ita, aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne har suna rawar jiki, kuma misalan da ya kawo Ibrahim ne da Rahab, mutanen da suka taka ƙafa tun ba su ga ƙarshen abin ba. Da na kai wa Mama wannan gardamar a waya dariya ta yi, ta ce ita ba ta san Luta ba, amma manomin da ya ce ya yarda damina za ta yi kyau ya bar irinsa a rumbu, ƙarya yake bai yarda ba. Ta ce ranar da ta tafi gidan matar nan gabanta faɗuwa yake, ba ta san ko za a kore ta ba, abin da ya ɗaga ta kawai shi ne wanda ya faɗi maganar ba ya ƙarya.

To bari in koma kan na'urar kanta, don tana da nata laifin. Babba shi ne ba a tsallaka aya, sura kawai, in kana son Zabura 119 wajen ƙarshe sai ka zauna ka bi aya 176 ɗin ko ka riƙe maɓallin gudu kana canka. Neman littafi ma wahala ne, in kana Matiyu kana son Yakubu sai ka danna sau 19, in ka yi kuskure ka wuce ka faɗa Bitrus. Maɓallan duk santsi ɗaya girma ɗaya in ban da na tsakiyar, abin da aka yi domin marasa gani ai ya kamata yatsa ya iya bambancewa, sai da ƙanwata ta ɗiga jan farce a kan na sura ya bushe ya yi tudu sannan Mama ta daina ɓata. Kiɗan da ke ƙarƙashin Sabon Alkawari a wasu wurare ya yi yawa, musamman cikin wasiƙu inda ake son mutum ya natsu, ni da za a ba ni zaɓi da na cire shi. In ka ƙure murya sifikar na tsatsa, ta ishi ɗaki ko mutum shida bakwai a tsakar gida, amma ba ta taron coci ba ce.

Solar kuwa da rani ba magana, a shanya ta a kan rufin kaji daga safe zuwa la'asar ta yi kwana biyu uku a irin jin Mama. Lokacin hunturu sai ana goge ƙura a kai in ba haka ba cajin ba ya shiga sosai. Yanzu da damina ta zauna, Yuli zuwa Agusta da hadari ke wuni, sola kaɗai ba ta riƙe ta, sai an kai wurin mai cajin waya a bakin kasuwa sau ɗaya a sati. Ta faɗi ƙasa ya fi sau biyar, sau ɗaya ma cikin kwanon tsaki, ba abin da ya same ta. Tocilar ce ta mutu a wata na huɗu, ramin iyafis kuma ya fara sai an riƙe wayar a karkace.

In kana da tsoho ko mara gani ko wanda bai yi karatu ba, saya masa, kuɗinka bai faɗi ba, Romawa 10:17 ta ce bangaskiya daga ji take kuma akwai dubban mutanenmu da ta kunne kaɗai Magana za ta iso musu. Matan layinsu Mama yanzu ranar Talata da yamma a gidanmu suke taruwa, su ji guntu su kashe su yi ta muhawara a kan wa ya kamata a kai wa hatsi cikin gwauraye. In kuwa irina ne kai, mai ido lafiya da Littafi uku a gida suna shan ƙura, kana so ne ka rataya ta tana yi kana harkarka don ka ji kamar ka yi ibada, ban hana ka ba amma na gwada wannan hanyar na gaya maka inda ta kai ni. Daga biyar na ba ta huɗu, ɗayan na cire saboda maganar aya da maɓallan.

Masu tambaya ko na sayi tawa, e na saya a watan Maris, tana shago amma ba a kan ƙusa ba, cikin durowa take, da safe kafin in taɓa keke nake ji kaɗan in mayar. Rantsuwar ba ta bar bakina duka ba, yaron nan kuma ya samu abin yi, da na ce wa kwastoma gobe sai ya yi tari. Matar leshin na kira ta a daren na gaya mata gaskiya ban yanka ba, ta zazzage ni tas ta zo ta kwashe kayanta ta kai wani wuri, ba ta sake dawowa ba. Samarin citta na biya uku a Kirsimetin, ɗaya har ya manta nawa ne. Na huɗun an ce ya tafi Abuja yana acaba wajen Mararaba, lambar da kawunsa ya ba ni ba ta shiga, kuɗinsa na nan a ambulan wurin Mama, ranar kasuwar Kachia mai zuwa ƙanwata za ta sake bi ta gidansu ta tambaya.